Jadawalin karatun Lahadi na shekara uku: yadda yake a hannun mai wa'azi a Maradi

Jadawalin da majami'un Lutheran da dama ke bi ya fito a 1992. Shekarar A ta Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka, Yahaya kuwa an rarraba shi a tsakaninsu. Yawancin Lahadi karatu huɗu ne: Tsohon Alkawari, Zabura, wasiƙar Sabon Alkawari da Bishara. Amfaninsa babba shi ne yana hana fasto zagaye ayoyi masu ɗaci.

Ɗauki Lahadin da ke faɗawa tsakanin 14 da 20 ga Agusta a shekarar C. An haɗa Irmiya 23:23-29, Zabura 82, Ibraniyawa 11:29 zuwa 12:2 da Luka 12:49-56, inda Yesu ya ce rabuwa ya kawo, uba da ɗa, suruka da matar ɗanta. A Maradi, inda Kirista da Musulmi kan ci tuwo a gida ɗaya, wannan aya tana bukatar hannu mai taushi. Hanyar Martin Luther, wanda majami'un Lutheran suka samo suna daga gare shi, tana taimako sosai: a raba Shari'a (maganar Allah mai tona zunubi) da Bishara (albishirin ceto). Shari'ar ita ce maganar Allah da Irmiya ya kira wuta da guduma, kan mai sauraro take fara sauka, ba kan ɗan'uwansa na gida ba. Bisharar tana Luka 12:50, baftismar da Yesu zai sha shi kaɗai, wato gicciye. Fasto da ya tsallake aya 50, wa'azinsa zai koma zuga. Ibraniyawa kuma ta jera waɗanda suka ci mulkoki da waɗanda aka tsaga da zarto, duka masu bangaskiya, sai ta toshe bakin mai cewa wahala alamar ƙarancin bangaskiya ce.

Aibun jadawalin biyu ne. Ya yanke karatun Luka a aya 56, ya bar 57 zuwa 59 da ke maganar sulhu da mai ƙara tun a hanya. Ya kamata a karanta har ƙarshe. Na biyu, takardar ayoyi ce kawai, babu bayani. Aya 54 ta ce gajimare daga yamma ke kawo ruwa, don Bahar Rum yana yammacin Isra'ila. Manomin garin Tsibiri, kusa da Maradi, kuwa gabas yake duba hadari, ga shi ana tsakiyar damina, dole mai wa'azi ya warware masa wannan kafin ya shiga ma'anar ayar.