Takalmin da ya haɗa kambas da but: makonni shida tsakanin Dutsen Dala da titunan Kano

A ƙarshen watan Satumba, lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa, na sayi wani takalmi a wani shago cikin kasuwar Sabon Gari, irin wanda masu ƙera shi suka ɗauko taushi da rashin nauyi daga kambas, suka ɗauko dogon wuya da tafi mai haƙora daga but ɗin hawan dutse. Bukatata ita ce takalmi guda da zan hau Dutsen Dala ko Goron Dutse da shi ranar Asabar da sassafe, in kuma shiga ofis da shi ranar Litinin ba tare da an ɗauka daga gona nake ba. Makonni shida ke nan ina sa shi, kuma hukuncina ya rabu gida biyu: ƙasansa ya gamsar da ni, samansa kuwa an yi shi ne domin yanayin kakar wasu ƙasashe, ba tamu ba.

Bari in fara da tafin, domin nan ne kuɗin mutum yake tafiya. Haƙoransa sun kai zurfin milimita 4, kuma robar tana da ɗan laushi, don haka a kan marmara da tsakuwar gefen Dala, inda kambas mai sulɓin tafi kan zame da mutum a gangara, wannan yana kama ƙasa sosai. Tsarin ba sabo ba ne. Wani mahayin duwatsu ɗan Italiya, Vitale Bramani, shi ne ya fito da tafin roba mai haƙora a 1937, bayan abokan tafiyarsa shida sun rasu a tsaunukan Alps a 1935, kuma daga sunansa aka samo Vibram, kamfanin da har yau ake gane tafinsa da tambari rawaya mai kusurwa takwas. Nawa ba ya ɗauke da wannan tambari, amma a wannan makarantar ya yi karatu. Tsakanin tafin da ƙafa akwai soso mai kauri irin wanda ake kira EVA, shi ne yake shanye bugun kwalta idan tafiya ta yi nisa. Na taɓa tasowa da shi a ƙafa daga Ƙofar Mata har Ƙofar Ruwa ban ji dunduniyata ba. Abin da kawai zan ja kunne a kai shi ne jiƙaƙƙen tayil, musamman a wajen alwala, domin haƙoran da ke riƙe tsakuwa ba su da abin kamawa a nan.

Wuyan ya rufe idon sawu, wanda ya yi mini rana a ciyawar kaka. Duk wanda ya ratsa fili a watan Oktoba ya san yadda ƙarangiya ke maƙale wa safa, da yadda tsidau ke huda siririn tafi. Da wannan takalmi ban tsaya cire ko ɗaya ba.

Inda muka saɓa shi ne rufin ciki mai hana ruwa shiga. Mai shagon ya yi ta yabonsa, kuma gaskiya ya faɗa, domin na tsaya da shi cikin ruwan da ya kwanta a bakin titi, safata ta fito a bushe. Mafi shahara a wannan fanni shi ne Gore-Tex, wanda ya samo asali daga binciken Bob Gore a Amurka a 1969: wata siririyar shimfiɗa ce mai ƙofofi ƙanana ainun, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururin gumi yana iya fita. Sai dai tururin yana fita da kyau ne idan waje ya fi cikin takalmin sanyi, kamar yadda yake a kakar Turai, lokacin yayyafi da taɓo da rubabben ganye. Kakarmu ta Kano rana ce da ƙura, zafi yana haura digiri 30 da azahar, ruwan da ƙafa za ta gamu da shi bai wuce raɓar asuba ba. Sakamakon haka, kafin la'asar ƙafata ta yi sharkaf da gumi, kuma sau biyu na samu bororo a diddige kafin in koma safa mai kauri wadda ke tsotse danshi. Da zan sake saye, wanda ba shi da wannan rufi zan ɗauka, ga shi ya fi araha, ga shi iska tana ratsa shi. Kamfanoni irin su Salomon na Faransa da Merrell na Amurka sukan fitar da samfuri ɗaya iri biyu, mai rufin da marar shi, don haka ya kamata mai saye ya tambaya tun kafin a fara ciniki.

Akwai kuma wani lissafi da masu zana takalmin ba su yi da mu ba, wato cewa mutumin Kano yana cire takalminsa sau da yawa a yini, a ƙofar masallaci, a ɗakin surukai, a zauren malam. Nawa yana da ramukan igiya bakwai a kowane gefe, biyun sama ƙugiya ce, kuma na sha rasa raka'ar farko ina durƙushe ina kwancewa. Wanda yake da zif a gefe, ko igiyar nan da ake ja sau ɗaya ta ɗaure irin ta Salomon, ya fi dacewa da rayuwarmu nesa ba kusa ba.

Ta fuskar kyau ba ni da ƙorafi. Na zaɓi launin ƙasa-ƙasa da gangan, domin baƙi da fari su ne ke fara tona asirin ƙurar hunturu. Yana shiga da wandon jins da riga, yana kuma shiga da kaftani mai ɗamammen wando wanda ya tsaya a idon sawu, amma da babbar riga ko shadda ta biki sai ya zama bare. Fatar samansa irin mai gashi-gashi ce, ba ta son man goge takalmi ko kaɗan, saboda haka sai a gargaɗi mai shushaina tun kafin ya buɗe gwangwaninsa. Burushi busasshe ya wadatar.

Ga wanda zai nufi gwanjon Ƙofar Wambai maimakon sabo, ya danna sosan tsakiya da babban yatsa, ya kuma lanƙwasa takalmin ya duba. Wasu ana yin sosansu da wani sinadari mai suna PU, wanda danshi ke cinyewa a hankali idan ya daɗe a ajiye, sai a ga takalmi tsaf a ido, amma cikin mako guda ya fara marmashewa kamar busasshen burodi, kuma babu badukun da zai iya ɗinke wannan. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a riƙa sawa, a bar tazarar faɗin yatsa a gaba domin saukowa daga dutse. Ni lamba 43 nake sawa, amma a wannan takalmi sai da na ɗauki 44.