Kafin Ka Sayi Na'urar Auna Hayaniyar Fes

Osileta, wato na'urar da ke samar da sigina mai maimaita kanta, komai tsadarta ba ta tsayawa cak a kan mitarta. Tana ɗan karkarwa, kuma karkarwar nan ce ake kira hayaniyar fes, ana auna ta da dBc/Hz (ƙarfin hayaniyar idan aka gwada da na siginar) a wata tazara daga uwar sigina, wato ainihin mitar osiletar.

Da sifektiram analaiza 'yar gwanjo na fara, wato na'urar da ke zana ƙarfin sigina a kowace mita. Na jona mata osiletar kiristal ta 10 MHz, kwana uku ina cire kafasito ina sa wani, layin da ke fuskarta ko gezau. Ashe karkarwar osiletar cikinta nake kallo, domin na'ura ba ta ganin abin da ya fi ta tsabta. Idan siginarka mai datti ce, analaizar za ta wadatar. Wata hanyar awon kuwa, dabarar doguwar waya mai jinkirta sigina, makauniya ce a kusa da uwar sigina. Tsohuwar na'urar awo HP 3048A tana aiki, amma sai ka nemo mata osiletar da ta fi taka kyau.

Ni dai zaɓina awon tagwaye ne: a raba sigina hanya biyu, kowace da osiletarta, a yi ta gwama sakamakon. Abin da suka yi tarayya a kai na siginarka ne, sauran ya narke. Gwamawa 100 tana sauke ƙasan awo, wato hayaniyar na'urar kanta, da dB 10, gwamawa 10,000 da dB 20, haƙuri kawai take ci. Rohde & Schwarz FSWP da Keysight E5052B haka suke aiki, sai dai kuɗinsu na manyan kamfanoni ne. Microchip 53100A ta fi kwanta mini: ƙarama, tana kaiwa 200 MHz, ka jona ta da kwamfuta ka bar manhajar TimeLab tana zana layin har gari ya waye.

Amma don Allah ka yi hattara da gwanjo. Wanda ya sayar mini da analaizata ya rantse lafiyarta ƙalau, alhali miksar bakinta, wato sashen da ke haɗa sigina a mashigarta, ta sha wuta, takardar gwajin da aka manna kuma ba ta da asali. Ka sa a kunna ta a gabanka, a jona siginar da ka san ƙarfinta, a bar ta ta yi zafi. Hoton fuska a kunne ba shaida ba ne. Ƙananan analaiza irin tinySA ma jabunsu sun cika kasuwa, kwali ɗaya, suna ɗaya. In kuma ka ga layin ya yi ƙayoyi a tazarar 50 Hz da 100 Hz, duba wutar gidanka tukuna, ka gwada da batir.