Inshorar Lafiya a Amurka: Hanyar Demokrat da ta Rifablikan

Dokar da Shugaba Barack Obama na jam'iyyar Demokrat ya sanya wa hannu a 2010 ta hana kamfanonin inshora ƙin karɓar wanda ke da tsohuwar cuta, ta tanadi tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma ta faɗaɗa Medicaid, shirin gwamnati na inshorar lafiya ga marasa galihu, ko da yake hukuncin Kotun Ƙoli na 2012 ya bar wa jihohi zaɓi, Texas da Florida suka ƙi. 'Yan Rifablikan kuwa sun fi son a sakar wa kasuwa da jihohi mara, domin a ganinsu tilasta wa mutum sayen inshora, kamar yadda dokar ta yi, shisshigi ne. Rauninsu shi ne rashin tsayayyen madadi: a 2017 yunƙurinsu na soke dokar ya faɗi a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 49 da 51, Sanata John McCain na cikin 'yan Rifablikan da suka bijire.