Ra'ayina kan kamfanin kiliyarin da ke fito min da kwantena daga Apapa

'Yan'uwa 'yan kasuwa tambaya ta yi yawa a kan waye yake min kiliyarin a Legas kuma ko zan iya haɗa mutum da shi, to bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya karanta don wallahi na gaji da maimaitawa a waya. Sunan kamfanin ba zan kama ba tunda akwai yabo akwai ƙorafi a ciki, abin da zan ce dai suna da ofis a Apapa, wajen tashar jiragen ruwa ta Legas, da ɗan ƙaramin reshe nan Kano inda ake kai musu takardu. Hukuncina a gajarce, aikin takarda sun iya shi sosai, kuɗin kwastam ba sa wasa da shi, amma in suka faɗa maka kwanakin da kaya za su fito to ka zauna ka tambaye su daga yaushe zuwa yaushe suke ƙirgawa, don a nan rigimata da su take.

Kayana fankoki ne masu caji da fitilu daga Gwanzu ta ƙasar Caina, kwantena mai ƙafa 40, kuma duk mai wannan harkar ya san kasuwarta zafi ne, daga Maris zuwa Mayu, in ruwa ya sauka kana riƙe da kaya to sai dai ka jira baɗi kuma batir ba ya son dogon zama a sito. Ga 'yan Caina suna rufe masana'antu lokacin sabuwar shekararsu wajen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, don haka dole ka loda kafin nan. Shi ya sa mu a wajenmu sati guda ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in fara da inda suka burge ni. Tun kafin a loda kaya suka matsa min a kan Form M, wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, suka ce kar in bari a sa kwantena a jirgi sai banki ya amince da shi tukuna, suka kuma bi kan takardar SONCAP tunda kayan lantarki ne dole sai da shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta SON. Wata yarinya a ofishinsu na Legas ita ta zauna ta gwada inbois da takardar lissafin kwalaye da takardar jirgi layi bayan layi, ta gano an rubuta adadin kwali daban a wuri biyu, aka sa mutumin Caina ya gyara tun jirgi yana kan ruwa. Wannan kaɗai ya biya kuɗin aikinsu, don irin wannan ɗan saɓanin shi ke sa a riƙe kaya ana tambaya. PAAR ɗina, wato takardar ƙiyasin da kwastam suka fara bayarwa tun ƙarshen 2013, ta fito kafin jirgi ya iso. Kuma kuɗin fito ba su ce in turo asusunsu ba, takardar asesmen, wato lissafin kuɗin fito daga kwastam, suka turo min na biya a banki da kaina rasit ɗin yana hannuna. Wanda ya taɓa faɗawa hannun ejan ɗin da zai karɓi cikakken kuɗi ya biya rabi ya rubuta kaya da wani suna daban, daga baya jami'an sintiri su tsayar da mota a hanya su duba takarda, ya san darajar wannan.

Sun kuma gaya min gaskiya a kan farashin dalar kwastam, cewa ba za su iya yanke min adadi tun da wuri ba. Da farko na ɗauka wayo ne amma ai kowa ya ga abin da ya faru, a farkon 2023 ana lissafin fito da dala a kan naira 400 da 'yan kai, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, wani lokacin a sati ɗaya a canza fiye da sau ɗaya. Ejan ɗin da ya ba ka tsayayyen farashi a irin wannan yanayi ko dai ya ɗora riba mai kauri ko akwai abin da yake shirin ragewa.

To yanzu maganar lokaci. Manajan nasu cewa ya yi Alhaji kwantar da hankalinka, kwana goma mun gama. Ni kuma da na ji haka sai na fara yi wa kwastomomina na Sabon Gari da masu zuwa daga Maraɗi da Damagaram alkawari, don a fahimtata kwana goma daga isowar jirgi kaya suna gaban shagona. Shi kuwa abin da yake nufi daga ranar da aka sauke kwantena aka shigar da bayananta a kwamfuta zuwa ranar da kwastam suka yi rilis, wato suka saki kaya, shikenan aikinsa ya ƙare a lissafinsa. Kuma in za a yi adalci a wannan ma'aunin bai yi ƙarya ba, kusan hakan aka yi duk da kwantenar ta faɗa jan layi, ma'ana sai an buɗe ta an duba kaya da ido, sai an nemi rana a taminal, wato kamfanin da ke riƙe da filin ajiye kwantenoni a tasha, sun ɗauko ta da injin sun ajiye a filin dubawa, a fasa sil a fiddo kwalaye a mayar. Ya kira ni da murna yana cewa Alhaji an yi rilis, na ce alhamdulillahi yaushe mota za ta taso, sai ya fara e to ai saura kamfanin jirgi da taminal.

Nan ne mutum zai gane kowa a tashar nan da nasa agogon. Kwastam nasu yana tsayawa ranar da suka saki kaya. Taminal kuwa babu ruwansu da rilis ɗinka, kwanakin kyautarsu 'yan kaɗan ne, daga nan kuɗin ajiya ke hawa kullum har ranar da kwantena ta fita get, kuma kuɗin hawa-hawa ne, yadda ka ƙara daɗewa haka na kowace rana ke ƙaruwa. Shi kuma kamfanin jirgi nasa ya fi kowanne tsawo, dimorej ɗinsa, wato kuɗin da yake caji in ka daɗe da kwantenarsa, ba ya tsayawa don kaya sun fita tasha, sai ranar da ka mayar masa da kwantenarsa babu komai a ciki kuma aka karɓa aka ba ka takarda. Ka duba mu 'yan arewa, tirela ta taso daga Legas ta bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa har Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000, a sauke kaya ta juya ta koma, ta je ta bi layin mayar da kwantena, duk wannan ana cirewa daga dipozit ɗin da ka ajiye a wajen kamfanin jirgi. Babu wanda ya zaunar da ni a kamfanin nan ya zana min wannan tun farko, kuma aikinsu ne su yi, tunda su ne masana. Sai da na ga takardar caji sannan manajan yake cewa ai da an kwashe kayan a Legas an zuba a wata motar da an mayar da kwantenar washegari, kamar yadda da yawan 'yan Kwari suke yi. To malam me ya hana ka faɗa kafin mota ta kama hanya?

Har banki ma da nasa lissafin. Abokin haɗin gwiwata ya kawo kasonsa na kuɗin taminal da cek ranar Juma'a, cek ɗin wani banki daban, kuma duk da tun 2013 aka rage wankewar cek ya koma ranar aiki ta gaba, ranar aiki ta gaba bayan Juma'a ai Litinin ce, banki ba ya ƙirga Asabar da Lahadi amma taminal yana ƙirgawa tsaf. Wannan ba laifin ejan ba ne, na kawo ne don masu haɗa kuɗi su yi taransifa kawai.

Samun mota ma ya ci kwanaki. Tun Fabrairun 2021 hukumar tashoshin ruwa ta NPA ta kawo tsarin Eto inda tirela ba ta shiga tasha sai an kira ta ta manhaja, kuma gaskiya wanda ya san Apapa a shekarun 2017 zuwa 2019 lokacin da tireloli ke kwana a kan gada ya san an samu sauƙi. Amma kamfanin nan ba su da motocin kansu, sai bayan rilis suka fara neman direba, alhali ejan mai tsari tun ranar da aka sa za a duba kaya yake kama mota. Direban da suka samo dai mutumin kirki ne, Bazazzagi, kullum da safe sai ya kira ya ce ga inda yake, kaya sun iso sil ɗinsu lafiya ko kwali ɗaya bai ɓata ba. Gaba ɗaya daga isowar jirgi zuwa sauke kaya a Kano an tasam ma wata guda, zafi ya riga ya yi nisa, na sayar amma ba a farashin da na so ba.

Abin da ya fi ɓata min rai ma shi ne waya. In abu yana tafiya daidai su ke kiranka, in ya tsaya kuwa sai ka yi ta kira ba a ɗauka, in an ɗauka a ce netwok ne ya faɗi, kullum netwok. Wataƙila wani lokacin gaskiya ne tunda lokacin ana cikin sauya tsarin kwamfutar kwastam daga NICIS II zuwa B'Odogwu wanda aka fara gwadawa a taminal ɗin PTML na Legas a 2024, amma mutum ya saka miliyoyi ai ya cancanci a turo masa ko saƙon WhatsApp ne a ce yau ba a yi komai ba ga dalili. Yaron da ke reshensu na Kano kuwa bawan Allah bai san komai ba sai karɓar takarda, in ka tambaye shi sai ya ce bari in kira Oga.

Ita gwamnati kanta ta san wannan matsalar ta ƙirga. An daɗe ana maganar fitar da kaya cikin awa 48, a Mayun 2017 Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya sa hannu a umarnin cewa Apapa ta riƙa aiki dare da rana, sannan a Fabrairun 2024 kwastam ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi suka ƙaddamar da binciken auna lokacin sakin kaya a tashar Tin Can ta Legas, irin wanda hukumar kwastam ta duniya ta tsara, inda ake bin kaya daga isowa har fita a ga hannun wa suka fi daɗewa. In hukuma sai ta yi bincike kafin ta san inda kwanaki ke tafiya, to ejan ya daina cewa kwana goma haka kawai da baki.

Taurari uku da rabi na ba su cikin biyar. Zan sake ba su aiki saboda amanar kuɗin fito da iya takarda, waɗannan biyun samun su a wuri ɗaya yana da wuya, amma wannan karon a rubuce za mu yi, ranar rilis daban, ranar fita get daban, ranar mayar da kwantena daban, da kuma wa zai ɗauki dimorej in jinkirin daga wajensu ne. Ragowar dipozit ɗina har yanzu suna cewa suna bi. Na kuma tambaye su ko za su iya turo min kwantena ta gaba kai tsaye zuwa tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki wadda Buhari ya buɗe a Janairun 2023, a duba ta nan gida ina tsaye, manajan ya ce ba su taɓa yi ba amma zai bincika. Wanda ya taɓa fito da kaya ta Dala ko ta Kaduna don Allah ya faɗa mana yadda lissafin kwanakin kamfanin jirgi yake a can, don shi nake son sani kafin in buɗe Form M na gaba.