Sharhi: Bindigar Feshi ta Iwata Neo CN a Aikin Tsufar da Ƙananan Taragan Jirgin Ƙasa

Ƙaramin tarago, yadda ya fito daga kwali ko daga na'urar bugawa, ba ya kama da jirgin da ya taɓa yin aiki. Sheƙi yake yi, launinsa ɗaya tun daga rufi har ƙafa, ko ɗigon mai babu. Jirgin ƙasa na gaske kuwa rana ta dake shi, ƙura ta hau shi, tsatsa ta ci bakin ƙofarsa. Mai gina ƙaramin layin dogo a kan tebur dole ya kawo wa taragonsa wannan tsufan da hannunsa, kuma a nan ne ƙaramar bindigar feshi take shigowa. Na jima ina aiki da Iwata Neo CN, ana kuma yawan tambayata ko ta cancanci kuɗinta, shi ya sa na ga ya dace in baje abin da na gani.

Sai an san abin da nake ginawa kafin a fahimci hukuncina. Farfajiyar lodin gyaɗa ce a Kano, a shekarun 1950, lokacin da dalar gyaɗa ke tsaye a gefen dogo. Layin Baro ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma aka buɗe zirga-zirga har Legas, kuma wannan dogon ne ya sa gyaɗa ta zama abin da ta zama a ƙasar Hausa. Faɗinsa milimita 1067 ne, bai kai na layin Abuja zuwa Kaduna ba, wanda aka buɗe a 2016 mai faɗin milimita 1435. Ina gini da ma'aunin HO, wato kowane abu an rage shi sau 87, ta yadda mutum a tsaye bai wuce santimita biyu ba. In ka raba 1067 gida 87 za ka sami 12 da 'yan kai, don haka nake amfani da dogon kamfanin Peco na Ingila mai faɗin milimita 12. Manyan kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya, irin su Hornby da Märklin da Bachmann, jiragen Ingila da Jamus da Amurka suka fi mayar wa hankali. Wanda yake son taragon reluwen Najeriya sai ya zana abinsa a kwamfuta ya buga da na'urar 3D mai aiki da ruwan resin, wato ruwan roba da haske ke daskarar da shi. Haka nake yi: jikin tarago, buhuna, gangar ruwa, zankwayen katanga, duk bugawa nake yi.

Ita bindigar, kamfanin Anest Iwata na Japan ne ya fito da ita domin masu fara koyo. Ƙoƙon fentinta a sama yake, fenti na gangarowa da kansa, kuma tana zuwa da ƙoƙo biyu, babba da ƙarami, ka ɗaura wanda kake so. Ƙofar bakinta milimita 0.35 ce. Kunamarta aiki biyu take yi: in ka danna ƙasa iska ce kawai ke fita, in ka ja baya allura ta janye, fenti ya biyo iskar. Iya jan da ka yi, iya fentin da zai fita. Dukan sirrin aikin tsufarwa a wannan ɗan jan yake. Kafin ita na yi amfani da wata marar suna, irin mai arhar nan da ake haɗawa da ƙaramin injin iska a kwali ɗaya. Kunamarta ba ta da tsaka-tsaki, ko ta ƙi fitar da komai ko ta watso maka fenti gaba ɗaya. Neo kuwa tana bin yatsa sannu a hankali, har kana iya fesa abin da sai ka karkata taragon wajen haske za ka gane ya sauka.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen ƙura, kuma nan ne zan ɗan daɗe, domin nan ne na ga mutanenmu suna kwaikwayon abin da ba namu ba. Yawancin darussan tsufarwa da ake gani a intanet Turawa ne suka yi su, suna kwatanta jiragen ƙasarsu, inda ruwan sama ba ya yankewa: taɓo mai duhu, toka-toka, gansakuka a jikin gada. Jirgin da ya ratso Zariya zuwa Kano da rani ba haka yake ba. Ƙura iri biyu ce a jikinsa. Akwai jar ƙura ta marmara, wadda ƙafafu ke tayarwa, tana manne wa ƙarƙashin tarago da gindin bango, tana raguwa yayin da ake hawa sama. Akwai kuma farar ƙurar hunturu, wadda daga sama take sauka, ta kwanta a rufi da kan kowace 'yar kanta, ta dusashe launin komai. Wani dattijo da ya yi ritaya daga reluwe, da ya duba taragaina na farko da idon wanda ya san abin, ya nuna mini cewa rana ma tana da nata aikin, domin tana kashe kaifin fenti tun kafin ƙura ta zo. Tun daga nan nake bin wannan tsari na hawa uku.

Da fentin kamfanin Tamiya mai narkewa da tina, wato ruwan tsinka fenti, ta X-20A nake yi. Da farko ina ɗaukar asalin launin taragon in ɗiga masa fari kaɗan, in tsinka shi sosai, in bi rufi da tsakiyar allunan bango, wuraren da rana ta fi duka. Sai jar ƙura: XF-64 mai ruwan ƙasa ja-ja da XF-52 mai launin turɓaya, fenti kashi ɗaya tina kashi takwas ko tara, ya zama ruwa-ruwa kamar tsararon koko. Ina rage iska zuwa tsakanin 15 da 18 a ma'aunin ƙarfin iska na psi, in riƙe taragon a hannun hagu, in ɗaga shi sama da bindigar ta yadda feshin zai taso daga ƙasa, hanyar da ƙurar gaske ke bi. Wucewar farko ba ka ganin komai. A ta uku ko ta huɗu sai ka ga kawunan ƙusoshi sun fara bayyana, kowanne da 'yar inuwarsa a sama inda feshin bai kai ba, sifirin ɗin ƙafa ya fito fili, baƙar robar nan ta koma ƙarfen da ya sha tafiya. Wannan lokacin ne nake jin daɗinsa fiye da komai a aikin. A ƙarshe sai XF-57, mai launin ƙasa-ƙasa mai haske, daga sama, daga nesa, wucewa ɗaya ko biyu. Buroshi ba zai taɓa ba ka wannan ba, komai ƙwarewarka, domin ƙura ba ta da gefe, shi kuwa buroshi duk inda ya taɓa sai ya bar iyaka.

Taragan da ke bin bayan injin kai tsaye sukan sami ƙarin kunkunniya a rufi. Injunan tururi na wancan zamani, har da jerin nan da aka raɗa wa sunayen koguna waɗanda suka fara isowa a ƙarshen shekarun 1940, kwal ɗin Inugu suke ci, hayaƙinsa kuma baya yake kwantawa. Ɗan layi na baƙi tsinkakke a tsakiyar rufi ya wadatar.

Abin da ya fi ba mai feshi wahala a nan arewa ba daga bindigar yake ba, daga iskarmu yake. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, fenti mai saurin bushewa sai ya daskare a kan tsinin allura tun kana tsakiyar aiki. Alamarsa ita ce feshi ya fara tsittsinkewa, in ka ƙara ja kuma ya tofo gudaji. Wani lokacin ma fentin a iska yake bushewa kafin ya isa jikin tarago, ya sauka da kaushi. Maganin da ya yi mini aiki shi ne ɗiga ruwan jinkirta bushewa a cikin haɗin, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma, da ajiye auduga jiƙe da tina a gefe ina shafe tsinin lokaci zuwa lokaci, da kuma yin aiki da sassafe. A nan bakin 0.35 ya nuna amfaninsa, domin masu 0.2 sun fi shi saurin toshewa. Da damina kuma matsalar juyawa take yi: raɓa na taruwa a cikin tiyo, ɗigo ɗaya in ya fito ya ɓata maka bangon da ka gama. Don haka kada a sayi kwamfuresa, wato injin da ke ba bindigar iska, sai mai matarar ruwa, kuma mai tanki. Irin masu tankin lita uku sun isa, iskarsu ba ta bugun zuciya, in an ɗauke wuta kuma akwai 'yar ragowar da za ka wanke bindigar kafin fenti ya sandare a ciki.

A kan kayan da aka buga ma ta taimake ni ƙwarai. Resin yana fitowa hawa-hawa, kowane hawa kaurinsa milimita 0.05 a yadda nake saita na'urata. Bayan an wanke da sifirit an shanya a rana ya ƙarasa ƙarfi, dole a yi masa fentin ƙasa, wato shafin farko, kafin launi ya kama. Gwangwanin feshi na kasuwa yana zubo da yawa, ya cike tsagin alluna, ya binne ƙusoshin da ka ɓata dare kana zanawa. Da Neo kuwa fentin ƙasan yana kwanciya siriri, har ma ya tona maka inda sawun hawa-hawan ya rage domin ka bi da samfefa mai laushi. A kula da rana dai, 'yan mintuna sun isa, in resin ya daɗe a cikinta yakan yi gautsi.

Dalar gyaɗar ita ce ta fi cin lokaci. Ba a buga buhu ɗaya-ɗaya, tunda kowanne bai fi santimita ɗaya da ɗan kai ba. Fuskoki huɗu na buga masu siffar jerin buhuna, na haɗa su a kan ƙwarangwal na kwali. Launin algarara na fesa gaba ɗaya, sannan na zuba tsinkakken ruwan ƙasa mai duhu ya shige tsakankanin buhunan, na dawo da bindigar na haskaka saman kowane jeri, na ɗan ja gindin da jar ƙura. Wasu buhunan na taɓa su da buroshi domin kada su zama launi ɗaya, tunda a zahiri ana cuɗa sabon buhu da tsoho. Katangar ƙasa kuma filasta na shafa a kan soso mai tauri, na bi da yatsa domin ta sami sawun yaɓe, na manna zankwaye da indararo da na buga. Ƙarƙashin kowane indararo na fesa ɗan duhu mai gangarowa, inda ruwan damina ke zaizayar makuba. Ƙasar farfajiyar ta gaske ce, na tankaɗe ta da rariya mafi laushi, na gasa ta domin kashe ƙwayoyin da ke ciki, na bi ta da maganaɗisu saboda ɓurɓushin ƙarfe kada ya shiga injin, sannan na manne ta da farin gam tsinkakke. Gam yakan sa ƙasa ta yi duhu, sai feshi ya dawo mata da hasken rani, ya kuma haɗa launinta da na tsakuwar dogo da gindin kuka.

Akwai ayyukan da ba nata ba ne, gara a sani tun da wuri. Zirin tsatsa da ke gangarowa daga ƙusa, da maiƙon da ke bakin akwatin ƙafa, da ƙujewar fenti a wurin da 'yan dako ke jan ƙofa, duk aikin siririn buroshi ne da fentin mai. Wanda ya yi su da feshi za su fito a dusashe, ba kaifi. Faffaɗan wuri kuma, kamar allon sararin sama da ke bayan tebur, bakin 0.35 ya yi masa kaɗan, rola ta fi sauri. Sannan ba ta da abin ƙayyade jan allura a bayanta irin na manyan yayyenta masu tsada, don haka yatsanka ne ma'auninka, kuma sai ka ɓata takardu da yawa kana gwaji kafin ya saba.

Wanki wajibi ne duk lokacin da aka tashi daga aiki. A zuba tina a fesa har ta fito garau, a zare allura a goge, a mayar da ita a hankali. Bakin bindigogi irin wannan ɗan mitsitsi ne mai zare, in za a ɗaura shi a tsaya da zarar ya zauna, ba a matsa masa. Ina ba da shawarar a haɗo da allura da baki na ajiya tun a odar farko, domin ba kayan da za ka leƙa kasuwa ka samo ba ne, jiran saƙo daga waje kuma yana iya tsayar da kai makonni. Batun lafiya ma ba na wasa da shi. Ƙurar fenti tana shiga huhu ko da ba ta da wari, takunkumin yadi kuma ba ya tare ta, sai mai matatar gaske, taga a buɗe. Ɗanyen resin ba a taɓa shi sai da safar hannu, yara kuma ba sa shiga ɗakin in ana wannan aiki.

To, wa ya kamata ya saya? Wanda yake da tarago biyu ko uku yana son ya rage musu sheƙi kawai, garin alli mai launi da buroshi mai laushi za su fisshe shi, ba sai ya kashe kuɗin bindiga da kwamfuresa ba, musamman da yake farashinsu dalar Amurka yake bi. Amma wanda yake buga kayansa da kansa, yana da jerin taragai da fili guda da yake son su zama 'yan ƙasa ɗaya, masu ƙura ɗaya, ni dai ban ga abin da zai maye masa gurbinta a wannan farashin ba. In kuɗin bai kai a sayi komai lokaci guda ba, a fara da kwamfuresa mai tanki da matarar ruwa, domin ita za ta zauna da kai ko ka sauya bindiga nan gaba, sannan Neo ta biyo baya tare da allurar ajiyarta.