Murhun duwatsu ko na laka, ga mai dogon zama a daji

Ɗan'uwa, ka ce za ku tare a gona cikin daji tun daga shuka har girbi, kai da 'yan ƙwadago, kana tambaya ko duwatsu uku sun isa ko sai ka gina murhun laka. In zaman ya wuce wata guda, gina na laka.

Duwatsu uku ba sa cin ko sisi, a take za ka girka su, kuma kowace tukunya suna ɗauka, sai dai ka matsa dutse ko ka ja shi baya. Da dare suna ba da haske da ɗumi. Illarsu cin itace: iska na kwashe wutar ta kowane gefe, tukunya na samun kaɗan. Da damina kuwa busasshen itace wuya yake, yaron da ya kamata yana noma sai ya wuni yana nemansa. Kada kuma ka ɗauko dutse daga cikin rafi, ruwan da ya sha yana sa shi fashewa in ya ji wuta.

Na laka yana son haƙuri. Ka samo ƙasar suri, ka kwaɓa da kashin shanu da yankakkiyar ciyawa, ka rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa. Ka gina a jikin tukunyar da za a riƙa girki da ita, ka bar ratar yatsa tsakaninsu don hayaƙi ya fita, ƙofar itace guda ɗaya. Ya bushe a inuwa kamar mako, in ya tsage ka yaɓe. Itace uku sun ishe shi, kuma wurin tuƙin tuwo tukunya ba ta gocewa ko an danna muciya da ƙarfi. Sai dai tukunya ɗaya yake ɗauka, don haka ka gina biyu, na tuwo da na miya.

Ruwan sama ne abokin gabarsa. Kafa rumfa mai tsayi kafin ka taɓa laka, a kan tudu, ka kare gabas da zana, don ta nan hadari ya fi zuwa. Ta yi nesa da bukkar kwana, a share ciyawar kewaye, musamman in kaka ta kawo kai. Gari da daddawa a rataye su a ragaya saboda ɓera da gara.

Makon farko ku yi girki a duwatsu kafin lakar ta bushe, bayan nan ku bar su don dafa ruwa da gasa masara.