Driv3r da San Andreas: amsa ga ɗan'uwan da ya koma wa wasan yarintarsa

Ɗan'uwa, ka ce ka sami tsohuwar PlayStation 2 a wajen wani mai gyara, ka sa faifan Driv3r, wasan da ka fi ƙauna kana firamare, amma ko awa guda ba ka yi ba ka kashe na'urar don takaici. Shi ne kake tambaya ko yarinta ce ta rufe maka ido a lokacin da kake musu da abokanka kana cewa ya fi GTA: San Andreas, ko kuwa akwai wani abu a cikinsa da ya cancanci wannan ƙaunar. Ni ma ina cikin 'yan tsirarun da suka tsaya wa Driv3r a gidan gem na unguwarmu, saboda haka zan jera maka su biyun kafaɗa da kafaɗa, in faɗi inda muka yi gaskiya da inda muka yi taurin kai kawai.

Shekara ɗaya suka fito, 2004, Driv3r a watan Yuni, San Andreas a watan Oktoba, kuma dukansu aikin Birtaniya ne: kamfanin Reflections da ke Newcastle ya yi na farko, Atari ta fitar da shi, shi kuwa na biyu Rockstar North da ke Edinburgh ne suka yi shi. Abin da yawancinmu ba mu sani ba a lokacin shi ne gidan Driver ya riga ya yi suna tun 1999, kuma a Driver 2 na shekarar 2000 jarumin wasan, ɗan sanda mai suna Tanner, yana iya fita daga mota ya ɗauki wata, shekara guda kafin GTA III ya zo ya mamaye fagen. Wato Driv3r yunƙuri ne na tsohon gwani da ya ga ƙanensa ya sha gabansa, ya ce shi ma zai yi harbi da yawo a ƙafa kamar yadda ƙanen yake yi, kuma daga wannan shawarar yawancin matsalolinsa suka samo asali.

A fannin mota ba ka yi kuskure ba ko kaɗan, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. Motar Driv3r tana da nauyi, idan ka shiga kwana da gudu za ka ga jikinta ya karkata gefe guda, bayanta ya zame, sai ka yi ta lallaɓa sitiyari kafin ta dawo hanya. Idan ka yi karo kuwa, abin da ya bugu shi yake lalacewa: bonet ya ɗage ya tashi sama, ƙofa ta yi ta lilo har ta cire, bamba ta ja ƙasa tana tartsatsi, harsashi ya bar huji daidai inda ya shiga, tayar da aka harba ta fashe ka ci gaba da tafiya a kan ƙarfe mota tana ja maka gefe. Motar San Andreas ba ta da wannan nauyin, tana juyawa da sauƙi kamar abin wasan yara, kuma lalacewarta mataki-mataki ce da kowa ya haddace, hayaƙi fari, hayaƙi baƙi, wuta, sai ka fita da gudu kafin ta fashe. Sai dai a ɗaya ɓangaren San Andreas ya ba ka keke da jirgin sama da rediyo mai tashoshi a cikin mota, ya kuma bar ka ka take falwayar fitilar titi ta faɗi ka wuce abinka, alhali a Driv3r falwaya ɗaya tak takan tsayar da kai cak kamar ka daki dutse, komai gudun da kake yi.

Da zarar an buɗe ƙofar mota an sauko ƙasa, babu sauran gasa a tsakaninsu. Tanner yana tafiya ne kamar wanda ya haɗiyi taɓarya, juyawarsa da wahala, tsallensa ba ya tsallake komai, saita bindiga kuwa sai ka yi ta kokawa da sandar dama ta hannun gem, yayin da abokan gaba suke tsaye ƙiƙam a wuri ɗaya, wani lokaci ba sa ko motsi sai ka zo dab da su. CJ, jarumin San Andreas, yana haura katanga, yana iyo, yana dambe, danna maɓalli ɗaya ya isa ya kama wanda za a harba, har cin abinci yake yi ya yi ƙiba ko ya je wurin motsa jiki ya murɗe. Abin dariyar shi ne tun a GTA III mutanen Rockstar sun yi gugar zana, inda suka sa wani mishan na kashe ɗan sandan ciki mai suna Tanner wanda aka ce ba shi da wani amfani idan ba a cikin mota yake ba. Reflections suka rama a Driv3r da wani mutum mai suna Timmy Vermicelli, wanda suka ɓoye guda 10 a kowane birni sanye da robar koyon iyo a damatsa, don yi wa Tommy Vercetti, jarumin GTA: Vice City, dariya saboda ba ya iya ruwa. Bayan wata huɗu San Andreas ya fito da jarumin da ke iyo har da nutso, kuma a gidan Madd Dogg, wani mawaƙi a cikin wasan, aka sa wani mai gadi yana buga gem yana zagin yadda Tanner yake tafiya. Da ciwo a ce haka, amma zolayar da aka yi a 2001 ita ce gaskiyar da Driv3r ya tabbatar da kansa a 2004.

Game da birane ra'ayina ya rabu biyu. Driv3r ya ɗauko birane na gaske guda uku da sunayensu, Miami a Amurka, Nice a Faransa, da Istanbul a Turkiyya, kuma ba zan manta da ranar da muka fara ganin ƙubbobi da hasumiyoyin masallatai a cikin gem ba, muka yi cirko-cirko a gaban talabijin, wani yaro a bayana yana rantsuwa cewa Makka ce. Hanyoyin Nice masu hawa da sauka a gefen teku har yanzu suna da kyau a ido. Amma biranen kyau kawai gare su, babu abin yi a cikinsu, ba shago, ba aski, ba gidan da za ka saya, mutanen titi kuma kamar an jefo su ne don cike gurbi. Mafi muni shi ne na'urar ba ta iya zana abin da ke nesa da wuri, sai kana tsakiyar gudu mota ta bayyana a gabanka daga babu. Los Santos da San Fierro da Las Venturas kwaikwayon Los Angeles da San Francisco da Las Vegas ne, ba su kai biranen Driv3r kama da na gaske ba, amma akwai daji da hamada da ƙauyuka a tsakaninsu, kuma duk lungun da ka shiga akwai abin da zai riƙe ka.

Mishan kuwa, na San Andreas sun kai kimanin 100, na Driv3r ba su kai 30 ba, kuma dukansu sun kashe kuɗi wajen ɗauko manyan 'yan fim, Samuel L. Jackson a San Andreas, Michael Madsen da Ving Rhames da Mickey Rourke da Michelle Rodriguez a Driv3r. Kowannensu ma yana da mishan ɗin bin jirgin ƙasa da ya sa yara kuka. Bambancin shi ne idan ka faɗi a na San Andreas, inda kake tuƙa babur abokinka Big Smoke yana harbi daga baya, yawanci kai ne ka matse jikin jirgin har harsashinsa ya kasa kaiwa saman tarago, kuma ranar da ka gane ka ɗan ja gefe, ranar za ka wuce. A Driv3r sau da yawa ba laifinka ba ne: tazara kaɗan aka ba ka, motar da ba ta nan ɗazu ta fito ta tare ka, ko wani ɗan tudu da ba a gani ya kifar da kai, sai a ce ka faɗi ka sake daga farko. Shi ya sa da wasu mujallu biyu na Ingila suka ba shi maki 9 cikin 10 aka yi ta cece-kuce a kansu, domin yawancin masu sharhi sun ce an fitar da wasan ne bai gama dahuwa ba.

To, me ya sa ba mu ga duk wannan ba muna yara? Ina ganin amsar tana cikin yadda muke buga shi. A gidan gem da 'yan canjin tara muke biya, lokaci ƙayyadadde ne, ba mu da memori na ajiya, ga masu jiran layi a kanka, ga fargabar a ɗauke wuta kafin lokacinka ya cika, saboda haka babu wanda yake ɓata mintocinsa a kan labarin da gobe zai sake farawa daga tushe, ballantana Turancin da suke yi ba ji muke ba. Take a Ride, sashen yawo da mota ba tare da mishan ba, muke shiga kai tsaye, mu zaɓi birni da mota, mu tsokani 'yan sanda su biyo mu da jiniya, mu danna maɓallin da ke rage gudun hoto daidai lokacin da mota ta tashi sama, sannan mu koma sashen da ke ba ka damar dasa kyamarori ka sake kallon tserenka kamar fim, abin da San Andreas na PlayStation 2 ba shi da shi. Minti goma sha biyar na wannan, a cikin mota daga farko har ƙarshe, shi ne Driv3r ɗin da ka sani, kuma wannan yankin na wasan lafiyarsa ƙalau. Yanzu da ka girma ka zauna a ɗakinka da memori da isasshen lokaci, sai ka danna labarin, ka shiga ɗakunan da ba ka taɓa leƙawa ba, ka tarar ba a yi musu ko filasta ba.

Saboda haka idan abokan naka suna nan, ka kira su ka ba su gaskiyarsu, San Andreas ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma ba banza ya zama wasan da aka fi saya a tarihin PlayStation 2 ba. Amma kada ka yar da faifan. Idan labarin Tanner kake son bi a cikin wasan da aka kammala, nemi Driver: San Francisco na 2011, wanda mutanen Newcastle ɗin suka yi bayan kamfanin Ubisoft ya saye su a 2006, kuma a cikinsa suka cire tafiya a ƙafa gaba ɗaya. Shi kuwa Driv3r, ka sake kunna shi a daren nan, ka tsallake labarin, ka zaɓi Nice, ka ɗauki mota mai ƙarfi ka hau hanyar bakin teku da 'yan sanda uku a bayanka, kuma duk abin da zai faru kada ka buɗe ƙofa.